Ba kowane kumburin saifa ba ne na zazzaɓi

Idan aka kawo mana matashi da tauri a hagun cikinsa, ƙasan haƙarƙari, abin da ke fara zuwa ran kowa shi ne zazzaɓin cizon sauro, ko tsargiya, ko sikila. Galibi kuwa haka ne. Amma mu masu aikin tiyata mukan ci karo da wani abu dabam: jakar ruwa da ke girma a cikin saifa. Wata da ita ake haihuwar yaro, sai ya tasa take bayyana. Wata tana biyo bayan bugu ko faɗuwar da aka daɗe da mantawa. Wata kuma tsutsar da ake ɗauka daga kashin kare ce ke haddasa ta.

Yaron ba ya zazzaɓi. Yana dai ƙoshi da loma kaɗan, domin jakar ta danne tumbi, wani lokaci ciwon ya harba har kafaɗar hagu. Abin da ke ci mini rai shi ne, kafin su iso, wasu an riga an kai su wurin wanzami, cikin duk tsaga. Tsagar fata ba ta isa inda ruwan yake. Hoton ciki na sikanin, na 'yan mintoci, shi ke nuna ta.

Ƙarama wadda ba ta damun yaro sa ido kawai muke yi. Idan ta wuce santimita 5, ko tana ciwo, sai maganar aiki, don duka ɗaya a filin ƙwallo na iya fasa ta. Iyaye kan ce, "Likita, a zuƙe ruwan mana da allura." Ruwan dawowa yake yi, kuma idan ta tsutsa ce, tsiyayar ruwanta cikin ciki na iya kashewa nan take. Shi ya sa muke tantance irinta tukuna.

A ɗakin tiyata ƙoƙarinmu mu cire jakar mu bar lafiyayyen ɓangaren saifa, ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne, domin ita ke tace jini tana kama ƙwayoyin cuta. Idan dole a cire ta duka, ana yi wa yaron rigakafin sanƙarau da na ciwon huhu, an fi so mako 2 kafin aikin. Daga nan kwana cikin gidan sauro ya zama wajibi, kuma duk ranar da jikinsa ya yi zafi, a ranar za a kai shi asibiti, a faɗa wa likita ba shi da saifa.