Amsoshin Tambayoyinku: Mai Tsimi da Sayen Sola

Wannan tambayar daga Funtuwa take, a jihar Katsina, daga wata uwargida da ta nemi a sakaya sunanta. Ta ce maigidanta mutum ne mai tsimi, ko gishiri sai ya yi ciniki, amma ya kashe maƙudan kuɗi ya sa sola a gida. Shin wannan ba almubazzaranci ba ne?

To Hajiya, mun gode. A ganinmu ba almubazzaranci ba ne. Mai tsimi yakan saki hannu a kan abin da zai yi masa aiki kullum. Sola na da tsada ranar saye, amma bayan nan rana ba ta karɓar ko kwabo. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, janareta ke cinye kuɗin cefane. Da sola kuwa, fanka na juyawa a zafin bazara, yara na karatu da dare.

Abin kula, Hajiya, shi ne batir. Batir ne ke fara lalacewa, kuma canza shi akwai tsada. Kada a jona masa dutsen guga ko hita, sannan a riƙa goge ƙurar hunturu daga kan farantan sola.