Ƙara wa Tsohuwar Laftof RAM: Harafi Ɗaya Zai Iya Sa Ka Yi Asarar Kuɗinka

Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da masu koyon rubuta manhaja a wajenmu na gwanjo ne: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, waɗanda aka ƙera tsakanin 2011 da 2016, wani ofis a Turai ko Amurka ya gama morarsu aka turo mana. Kwamfutoci ne masu ƙwari, amma galibi da RAM 4GB suke zuwa, kuma 4GB a yau ko Chrome kaɗai ba ta isa ba idan ka buɗe shafuka goma. Google kansa 8GB yake nema a matsayin mafi ƙaranci ga mai son aiki da Android Studio.

Saka RAM aiki ne na minti goma. Inda ake yin asara wajen saye ne, domin akwai RAM ɗin da zai shiga gurbinsa daram, ka danna maɓallin kunnawa, kwamfuta ta yi maka shiru.

Da farko, RAM ɗin ne ma matsalar?

Ka ɗauki RAM kamar teburin tela, ma'adanar kwamfuta kuma, wato HDD ko SSD, kamar kabad ɗin da ke ƙuryar shago. Duk yadin da ake aiki a kansa yana kan tebur. Idan tebur ya cika, sai tela ya riƙa kai wani kabad yana ɗauko wani, aikin ya koma zirga-zirga. Haka Windows take yi idan RAM ya cika: tana kwashe wasu bayanai zuwa ma'adana, ita kuma ma'adana ba ta kai RAM sauri ko kusa ba.

Ka buɗe duk manhajojin da ka saba aiki da su a lokaci ɗaya, sannan ka danna Ctrl, Shift da Esc tare. Task Manager zai fito, ka shiga Performance. Idan Memory yana zaune a kashi 85 ko 90 cikin ɗari, to lallai tebur ya yi kaɗan. Idan kuwa Memory yana wajen rabi amma Disk ya maƙale a 100, kuma HDD ce a ciki, ka ajiye maganar RAM ka sayi SSD. A ganina mai 8GB da HDD ba shi da wani dalilin zuwa neman RAM kafin SSD. Idan CPU ne a sama kuma fanka tana ta kuka, wataƙila ƙura ce ta toshe hanyar iska, RAM ba zai yi maganin wannan ba.

Tun kana wannan shafi na Memory, duba ƙasa. Za ka ga Speed, da Slots used, misali 1 of 2. Ma'ana gurbi biyu ne, ɗaya babu komai a ciki. Wannan shi ne labari mafi daɗi da za ka iya gani.

Karanta takardar da ke jikin sandar

Kowace sandar RAM tana da 'yar farar takarda manne a jikinta, kuma duk abin da kake bukata yana layi ɗaya. Misali: 4GB 1Rx8 PC3L-12800S.

4GB girma ne. PC3 na nufin DDR3, PC2 DDR2 ne, PC4 kuma DDR4. Waɗannan ukun ba sa shiga gurbin juna, domin 'yar tsagar da ke tsakanin haƙoran zinarensu ba wuri ɗaya take ba, adadin haƙoran ma ya bambanta: 200 a DDR2, 204 a DDR3, 260 a DDR4 na laftof. Saboda haka wannan kuskuren ba shi da haɗari sosai, sandar ce kawai za ta ƙi shiga, muddin ba ka tilasta mata ba. Lambar 12800 gudu ce. Ka raba ta gida takwas, ka sami 1600. Haka 10600 ke nufin 1333. Harafin S na ƙarshe yana nufin ƙaramar sanda ta laftof. Idan ka ga U ta kwamfutar tebur ce, R kuma ta manyan kwamfutocin saba.

Yanzu ga harafin da ke cinye kuɗin mutane: L ɗin da ke bayan PC3. DDR3 na asali yana aiki da wuta bolt 1.5, DDR3L kuma bolt 1.35. Tsagarsu wuri ɗaya take, haƙoransu 204 duka, ido ba ya bambance su in ba a takarda ba. Laftof masu furosesan Intel na zubi na huɗu da na biyar, irin su i5-4300U ko i5-5300U, DDR3L suke bukata. EliteBook 840 G1 da G2 suna cikinsu, haka Latitude E7440 da ThinkPad T440p. Ka saka musu PC3 marar L, sau da yawa sikirin zai zauna baƙi, ko fitilar Caps Lock ta riƙa ƙiftawa, ko kwamfutar ta tashi yau gobe ta mutu kana tsakiyar aiki. Akasin haka kuwa yawanci babu matsala: DDR3L yana iya aiki da bolt 1.5, don haka yana zama lafiya a irin su ThinkPad T430 ko EliteBook 8470p masu zubi na uku. Shawarata mai sauƙi ce. Idan DDR3 kake nema, nemi mai L, sai dai in kwamfutar ta tsufa sosai.

Yadda za ka gane zubin furosesa: lambar farko bayan 'yar sandar rubutu. A i5-3320M zubi na uku ne, a i5-4300U na huɗu. Idan lambobi uku ne kacal, kamar i5-520M, zubi na farko ke nan, na wajen 2010.

Su kuma waɗannan na zubin farko suna da nasu tarkon, kuma nan ne 1Rx8 ɗin can yake shigowa. Sandar 4GB kala biyu ce. Akwai 2Rx8, mai baƙaƙen tubala 16, takwas a kowane gefe. Akwai 1Rx8, mai tubala takwas kacal, kowane tubali ya ninka na farkon girma. Furosesan 2010 ba ya iya karanta manyan tubalan nan. Idan kana da ThinkPad T410 ko Latitude E6410, ƙirga tubalan da idonka a shago, ka ɗauki mai 16. Sandar 8GB kuwa kada ma ka gwada, iyakar waɗannan kwamfutoci 8GB ne gaba ɗaya, 4GB a kowane gurbi.

A DDR4 rubutun ya fi sauƙi, PC4-2133P ko PC4-2400T, lambar ita ce gudun kai tsaye, kuma bolt 1.2 ne. EliteBook 840 G3 daga nan ta fara. Lura da yadda G2 da G3 suke da suna kusan ɗaya amma RAM ɗinsu ba ya shiga na juna, don haka "840" kaɗai ba amsa ba ce idan mai shago ya tambaye ka wace kwamfuta.

Iyaka, da waɗanda ba sa karɓar ƙari

Yawancin laftof na ofis masu zubi na biyu zuwa na huɗu da gurbi biyu suna ɗaukar 16GB, wato 8GB sau biyu. Ka rubuta cikakken sunan taka a intanet tare da kalmar manual; HP da Dell da Lenovo duk suna ajiye littafin gyaran kwamfutocinsu kyauta, da hotunan inda kowane noti yake. Manhajar CPU-Z, ita ma kyauta, za ta nuna maka abin da ke kowane gurbi a shafinta na SPD ba sai ka kwance komai ba. Mai Linux ya rubuta sudo dmidecode -t memory.

Wasu an liƙe RAM ɗinsu da dalma a jikin babban allo. MacBook Air duka haka suke, haka MacBook Pro masu sikirin Retina tun daga 2012. ThinkPad T440s rabi da rabi ce: 4GB a liƙe, gurbi ɗaya a buɗe, iyakarta 12GB. Wannan abu ne da ya kamata a bincika tun ranar sayen laftof, ba bayan shekara ba.

Game da haɗa sanduna daban-daban, mutane suna tsorata fiye da kima. 4GB da 8GB suna zama tare su ba ka 12GB. Mai gudun 1600 da mai 1333 ma suna zama, sai dai duka biyun za su sauko zuwa 1333, bambancin da da wuya ka ji shi. Sanduna biyu iri ɗaya sun fi, domin furosesa yana ɗibar bayanai daga biyun a lokaci guda, kuma laftof marar katin hoto na daban tana amfana da hakan sosai tunda hoton ma daga RAM yake ci. Amma idan abin da aljihu ya ba ka sandar 8GB ɗaya ce a kan 4GB ɗin da ke ciki, saka ta, 12GB ta fi 8GB amfani ga mai buɗe Android Studio da Chrome tare.

Abin da na fi ba mutane shawara shi ne su tafi kasuwa da laftof ɗin, ko titin Beirut ne a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. A saka a gabanka, ta tashi, ka ga adadin, sannan ka biya. RAM na hannu ba abin gudu ba ne, yana cikin kayan kwamfuta da suka fi daɗewa ba su lalace ba.

Sakawa

Kashe kwamfutar gaba ɗaya, ba rufe murfi kawai ba. Zare caja, cire batir. Idan batirin na ciki ne, bayan ka buɗe bayanta ka zare wayarsa daga allo kafin ka taɓa komai. Danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wuta ta fita.

A lokacin hunturu ka ƙara kula. Wannan 'yar wutar da ke tartsatsi idan ka cire rigar sanyi ko ka taɓa ƙofar mota, busasshiyar iska ce ke tara ta a jiki, kuma tana iya kashe tubalin RAM ba tare da ka ji komai ba. Kada ka yi aikin a kan kafet ko bargo. Taɓa ƙarfen taga ko famfo kafin ka fara, kuma ka riƙe sandar ta gefe, ban da haƙoran.

Inda gurbin yake ya danganta da kwamfuta. A 840 G1 maƙulli ɗaya za ka ja murfin ƙasa ya zame, ba ka ma bukatar sukudireba. A T430 gurbi ɗaya yana ƙarƙashin 'yar ƙofa a ƙasa, ɗayan yana ƙarƙashin kibod.

Don cire tsohuwar sanda, tura 'yan kunnuwan ƙarfe biyu da ke riƙe da ita waje, za ta ɗago da kanta a karkace, ka zare. Sabuwar ma a karkace take shiga, tsaga daidai da tsaga. Tura ta sosai har haƙoran zinaren su kusa ɓacewa, sannan ka kwantar da ita ƙasa har ka ji ƙas. Idan ka kunna sikirin ya zauna baƙi, kafin ka zargi sandar, cire ta ka sake sakawa da ɗan ƙarfi. Rashin zama daidai ya fi komai jawo wannan. Tashin farko yana iya ɗan jinkiri, wasu Dell ma sukan tsaya su sanar da kai cewa adadin RAM ya canja, ka danna F1 su ci gaba.

Bayan ta tashi, ka gwada sandar tun kana da damar mayarwa. Danna maɓallin Windows da R, rubuta mdsched, ka bar ta ta sake tashi ta bincika. MemTest86 ya fi zurfi. Ana saka shi a filas, a bar shi ya kwana yana aiki idan akwai wuta. Kuskure ko guda ɗaya ya nuna, mayar da sandar.

Saura abu ɗaya. Idan ka saka 8GB amma Windows ta nuna uku da 'yan kai ne kawai ake iya amfani da su, sandar lafiyarta lau, Windows ɗinka ce mai 32-bit, wadda ba ta iya ganin abin da ya haura 4GB. Duba Settings, System, About, layin System type. Ba a sauya ta zuwa 64-bit da danna maɓalli, sai an sake ɗora Windows daga farko, don haka kwashe fayilolinka zuwa wani wuri tukuna.