Hanyar da Sojoji Suka Sassaƙa a Bakin Teku

Ku ɗauko taswirar duniya, ku nemi Ostareliya. A kusurwarta ta kudu maso gabas akwai jiha da a ke kira Biktoriya, babban birninta Melbon. Yamma da wannan birni wata hanyar mota ta bi bakin teku, daga garin Torquay har zuwa kusa da Warrnambool. Sunanta Great Ocean Road, watau Babbar Hanyar Teku. Tsawonta kilomita 243, ya ɗan fi nisan Kano zuwa Kaduna.

Ku da kuka saba da fili, da wuya ku kwatanta wannan gaɓa a zuci. A wurare da yawa ba rairayi, sai dutse a tsaye kamar ganuwa, raƙuman ruwa na dukansa dare da rana. Tun kafin zuwan Turawa akwai mutane a nan, 'yan asalin ƙasar, kamar Gadubanud da Wadawurrung. Sun yi dubban shekaru suna kamun kifi, har yau a kan ga tarin ɓawon dodon-koɗin da suka ci suka zubar a bakin ruwa.

A zamanin da, jiragen ruwan da ke zuwa Melbon daga Ingila iska ke kora su. Bayan tafiyar wata uku sai su ratsa tsakanin Cape Otway da tsibirin King, mashigi ne mai faɗin kimanin kilomita 90. Za ku ce ai wannan fili ne isasshe. To, ga mai tafiya cikin duhu da hazo, ba shi da abin dubawa sai taurari, su ma girgije ya rufe su, ƙunci ne ƙwarai. A 1848 aka gina hasumiya mai fitila a Cape Otway don ta nuna wa matuƙa hanya. Tana nan tsaye har yanzu. Duk da haka jirage ba su daina fashewa ba.

Wanda aka fi tunawa shi ne jirgin Loch Ard. Ya taso daga Ingila da mutum 54. Ran 1 ga Yuni, 1878, da asuba, hazo ya yaye, sai ga dutse a gabansu. Matuƙi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ina! Jirgi ya bugi dutse ya nutse. Wani saurayi mai koyon aikin jirgi, Tom Pearce, ya riƙe kwalekwalen da ya kife, ruwa ya kai shi cikin wani lungu tsakanin duwatsu. Yana hutawa sai ya ji kururuwa. Ya sake faɗawa cikin ruwan, ga shi lokacin sanyi ne a can, ya jawo wata yarinya, Eva Carmichael, wadda ta yi sa'o'i tana maƙale da guntun katako. Ya kai ta cikin kogo, sa'an nan ya hau dutsen nan da ƙyar, ya nemo taimako wurin masu kiwon tumaki. Su biyu kaɗai suka tsira. Iyayen yarinyar da 'yan'uwanta da ke cikin jirgin duk sun halaka.

Wani abin mamaki, cikin kayan jirgin akwai ɗawisu na tangaran, babba, a cikin akwati. Ruwa ya turo shi gaɓa bai farfashe ba, yana nan ajiye a gidan kayan tarihi na Warrnambool. Lungun nan kuwa sunan jirgin ya bi shi, kowa ya biyo hanyar ya kan tsaya ya gani.

Mutanen ƙananan garuruwan gaɓar, kamar Lorne da Apollo Bay, wannan tekun suka dogara da shi. In ba ta jirgi ba, sai dai su ratsa kurmi da tuddai ta wata mummunar turba, wadda ta kan zama taɓo in ruwan sama ya yi yawa. Hanya su ke bukata, amma wa zai fasa dutse?

Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, sojojin Ostareliya suka komo gida, sun baro 'yan'uwansu wajen 60,000 a kwance a ƙasashen waje. Waɗanda suka komo kuwa da yawa ba su da aikin yi. Magajin garin Geelong, Howard Hitchcock, ya shugabanci wata ƙungiya ta tara kuɗi, shi ma ya ba da nasa. Shawararsu ita ce a gina hanya, sojoji su sami abin yi, hanyar kuma ta zama abin tunawa da waɗanda suka mutu.

Aka fara aiki a Satumba 1919. Tun daga farko har ƙarshe, tsofaffin sojoji kimanin 3,000 suka sa hannu. Ba su da manyan injuna irin na yanzu, sai diga da shebur da baro da nakiya. Su fasa dutse, su kwashe, su tura cikin teku, su matsa gaba kaɗan. Wani wurin in ƙafar mutum ta zame, sai ruwa. Wasu sun rasa rayukansu a wurin aikin. A tanti su ke kwana cikin daji, ladansu sule 10 da sisi a yini. A ganina babu wani gini na tunawa da matattu da ya fi wannan dacewa, gama abokan yaƙinsu ne suka yi shi da hannunsu, kuma kullum mutane na amfani da shi.

Shekara 13 aka yi ana fama. A Nuwamba 1932 aka buɗe hanyar. Hitchcock bai ga ranar ba, ya rasu 'yan watanni kafin nan, amma aka sa motarsa cikin jerin motocin biki don girmama shi. Da fari duk mai mota sai ya biya kuɗi a ƙofa kafin ya wuce, har 1936 da gwamnati ta karɓi hanyar aka daina.

Can wajen yamma, kusa da inda Loch Ard ya nutse, akwai waɗansu dogayen duwatsu tsaye cikin ruwa, wasu sun kai mita 45. Ana kiransu Hawariyawa Goma Sha Biyu, watau almajiran Annabi Isa, ko da ya ke in kun ƙirga ba za ku sami goma sha biyu ba. Da can haɗe su ke da gaɓa. Dutsen wurin mai taushi ne, ruwa ya yi ta cin gindinsa har ya yi kogo, kogo ya huje ya zama kamar ƙofa, sa'an nan saman ƙofar ya rufta, ya bar ginshiƙi shi kaɗai. Ruwan kuma bai bar ginshiƙan ba, a Yuli 2005 ɗaya ya rushe mutane na kallo.

Gaba kaɗan akwai wani dutse da a ke kira Gadar Landan, da can yana da ƙofa biyu, a lokacin mutane su kan taka ta kansa su je ƙarshe. A Janairu 1990 ɓangaren da ke haɗe da gaɓa ya rufta, ya bar mutum biyu a tsakiyar ruwa. Sai da jirgin sama mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke su.

Tambayoyi

1. Don me jirage suka riƙa fashewa a wannan gaɓa?
2. Yaya Tom Pearce ya ceci Eva Carmichael?
3. Su wa suka gina hanyar, da waɗanne kayan aiki?
4. Ku zana yadda ruwa ke raba ginshiƙin dutse da gaɓa.