Nazarin Littafi Mai Tsarki: Alhakin mutuwar Almasihu yana kan wa?

Kowace shekara, in makon Ista ya kewayo, mukan taru mu karanta labarin shan wuyar Ubangijinmu. A wasu ikkilisiyoyi matasa sukan yi wasan kwaikwayo: wani ya zama Bilatus, wasu su zama sojoji, sauran su yi ta ihu a gicciye shi. In yaro ya tambaye mu a hanyar gida wa ya kashe Yesu, da yawa cikinmu mukan ce masa Yahudawa ne, mu wuce. Wannan gajeriyar amsa ta jawo zub da jini mai yawa a tarihi, kuma ba haka Littafi Mai Tsarki ya koya mana ba.

An shirya wannan nazari domin ƙananan ƙungiyoyi, kamar zumuntar mata, matasa ko kwamitin dattawa. Ana iya yin sa a zama ɗaya, ko a raba shi kashi huɗu.

1. Waɗanda suke da hannu a ciki

Mu karanta Markus 14:1-2, 10-11 da 15:1-20.

Marubutan Bishara ba su ɓoye sunan kowa ba. Akwai Yahuza Iskariyoti, ɗaya daga cikin sha biyun, wanda ya bashe shi don kuɗi. Akwai Kayafa babban firist da waɗansu 'yan majalisa. Kayafa ya riƙe wannan muƙami daga wajen shekara ta 18 zuwa ta 36, kuma gwamnan Romawa ne ya naɗa shi. Yahaya 11:47-50 ya nuna mana abin da ya dame su: suna tsoro kada jama'a su bi Yesu, Romawa su zo su rushe Haikali, su kuma raba su da matsayinsu.

Sai kuma Buntus Bilatus, wanda ya mulki Yahudiya a madadin Kaisar daga shekara ta 26 zuwa ta 36. A 1961 masu tonon kayan tarihi sun sami wani dutse a Kaisariya da sunansa da muƙaminsa a rubuce. Ikon yanke hukuncin kisa yana hannunsa (Yahaya 18:31). Gicciyewa horo ne na Romawa, wanda suke yi wa bayi da 'yan tawaye. Bilatus ya ga Yesu ba shi da laifi, amma da aka yi masa barazanar kai ƙararsa gun Kaisar, sai ya zaɓi kujerarsa. Ya wanke hannu da ruwa, duk da haka sojojinsa ne suka buga ƙusoshin. Takitus, wani marubucin tarihi Barome da ba Kirista ba, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Bilatus ne ya kashe Almasihu a zamanin Kaisar Tibariyas. Shaidar Bangaskiya da muke faɗa a sujada ita ma sunan Bilatus ta ambata, ba ta ambaci wata ƙabila ba.

Mu lura kuma da dalilin da ya sa aka kama Yesu da dare. Shugabannin suna tsoron tarzoma, gama talakawa suna ƙaunarsa. Matan da suka bi shi suna kuka Yahudawa ne. Maryamu mahaifiyarsa, da Bitrus, da Yusufu mutumin Arimatiya wanda ya ba da kabarinsa, duk Yahudawa ne. Yesu kansa Bayahude ne, daga zuriyar Dawuda.

• Mene ne ya motsa Yahuza, da Kayafa, da Bilatus, kowannensu?
• Wane ne a cikin labarin yake da ikon hana kisan, amma bai hana ba?

2. Ayar da aka mai da ita makami

Mu karanta Matiyu 27:24-26, Ezekiyel 18:19-20 da Romawa 11:1-2.

Taron da ya tsaya a gaban Bilatus ya ce ya ɗauki alhakin jinin Yesu, shi da 'ya'yansa. Kiristoci da yawa a baya sun ɗauki wannan magana tamkar la'ana ce a kan kowane Bayahude har abada. Amma maganar taron jama'a ce da manyan firistoci suka zuga, ba hukuncin Allah ba ne. Allah ya riga ya faɗa ta bakin Ezekiyel cewa ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Yesu kuwa daga kan gicciye gafara ya roƙa wa masu kashe shi (Luka 23:34). Bayan makonni bakwai, a ranar Fentikos, Bitrus ya faɗa wa mutanen Urushalima laifinsu ba tare da kwana-kwana ba, sa'an nan ya kira su ga tuba, mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma. Daga baya firistoci da yawa ma suka ba da gaskiya (Ayyukan Manzanni 6:7). Bulus ya yi tambaya ko Allah ya ƙi jama'arsa ne, ya kuma amsa da kansa cewa sam bai ƙi su ba.

Duk da haka, a ƙasashen Turai an yi ɗaruruwan shekaru ana kiran Yahudawa masu kisan Almasihu. A wurare da dama Makon Ista ya zama lokacin fargaba gare su. A 1096, mayaƙa masu ɗauke da alamar gicciye sun karkashe Yahudawa a biranen Worms da Mainz, a ƙasar da yau ake kira Jamus. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Hitler ta hallaka Yahudawa wajen miliyan 6. Ƙiyayyar Hitler ta launin fata da jini ce, amma ta sami gona a share, gama mutane sun daɗe suna jin wannan zargi daga bakin masu wa'azi.

Bayan yaƙin ikkilisiyoyi suka sake duba koyarwarsu. A 1961 Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya, a taronta na New Delhi a Indiya, ta gargaɗi masu koyarwa kada su ɗora wa Yahudawan yau nauyin da yake na dukan 'yan adam. Ranar 28 ga Oktoba 1965, babban taron Ikkilisiyar Katolika a Roma ya bayyana cewa ba za a ɗora laifin mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ba, balle na yanzu.

• Me ya sa ya fi sauƙi a zargi ƙabila guda da a kira sunan wanda ya yi laifin?
• Yaya muke koya wa yara wannan labari a makarantar Lahadi?

3. Namu rabon

Mu karanta Ishaya 53:4-6, Ayyukan Manzanni 4:27-28 da Yahaya 10:17-18.

Sa'ad da masu bi na fari suka yi addu'a, sun lissafta Hirudus, da Bilatus, da al'ummai, da mutanen Isra'ila, duk a jeri ɗaya. Wato masu mulki da talakawa, Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba. Ba wanda aka bari a waje. Ishaya kuma ya nuna cewa laifofinmu ne aka ɗora masa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In muka duba mutanen da ke cikin labarin da kyau, za mu ga halinmu a jikinsu. Son kuɗin Yahuza yana nan a cikinmu. Haka ma tsoron Bilatus, da gudun da almajirai suka yi, da ihun taron da ya bi abin da aka faɗa masa ba tare da bincike ba.

Akwai kuma gaskiyar da ta fi waɗannan zurfi. Yesu ya faɗa tun da wuri cewa ba mai ƙwace ransa, shi ne yake ba da shi don kansa. Mutuwarsa tana cikin shirin Allah na cetonmu. Wannan bai wanke Yahuza ko Bilatus ba, gama kowa zai amsa abin da ya aikata. Amma ya nuna mana cewa jinin Yesu ba ya kiran ramuwa. Jinin Habila ya yi kukan a sāka masa, na Yesu kuwa gafara yake kawowa (Ibraniyawa 12:24).

• A ina muke wanke hannu kamar Bilatus, alhali muna da ikon yin magana?

4. Abin da wannan yake nufi a garinmu

Wataƙila ba Bayahude ko ɗaya a ƙauyenmu, amma halin da ya jawo musu wahala yana nan. In shanu suka shiga gona, ko aka kashe wani a hanya, nan da nan sai a kira sunan ƙabila ko addini, a far wa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. In yaro ya mutu da zazzaɓi, sai a nemi wata tsohuwa ko gwauruwa a ce mayya ce. Wanda ya fahimci gicciye ba zai shiga irin wannan taro ba. Zai nemi a binciki wanda ya yi laifin, a kai shi gaban hukuma, a kuma kāre marasa laifi ko da ba namu ba ne.

• Su waye ake yawan ɗora wa laifi a yankinmu in masifa ta auku?
• Me ikkilisiyarmu za ta yi a ranar da jita-jita ta tashi? Wa zai je wurin mai gari, wa kuma zai tsaya da matasa?
• In muna rabon abinci ko iri, akwai waɗanda muke tsallakewa saboda abin da danginsu suka yi?

Addu'a

Mu furta wa Allah zunubanmu da suka kai Ɗansa gicciye. Mu roƙi gafara domin lokutan da muka zargi mutane da laifin da ba nasu ba. Mu yi addu'a domin Yahudawa, da maƙwabtanmu na kowace ƙabila da kowane addini, mu kuma roƙi ƙarfin hali mu tsaya wa marar laifi ko da taro yana ihu.