Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa: Amanar da Muka Haɗa da Maƙwabta

Jama'ar Gaya da kewaye, kowa ya san Kogin Kwara, ya san gadar Malanbil, ya san hanyar Kamba. Amma akwai wani ruwa da ba a gani, wanda shi ne muke sha, shi ne kuma yake rayar da rake da albasa a fadamun Dallol Mawri.

Ina wannan ruwa yake?

Yana kwance cikin yashi da duwatsu a ƙarƙashin ƙafafunmu. Masana suna kiran wannan taska Iullemmeden. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 500,000, ta ratsa Mali da Nijar da Najeriya, har ta taɓo arewacin Benin. Rijiyar Bengu a Nijar da ta Kamba a Najeriya kamar mutum biyu ne masu sha a ƙwarya ɗaya.

Mene ne abin damuwa?

Binciken cibiyar OSS da ke Tunis ya nuna cewa a 1970 ana ɗibar mita kubik miliyan 50 a shekara, amma zuwa 2004 an kai miliyan 180, fiye da abin da damina take mayarwa. Manomin da yake samun ruwa a gaba biyu, idan maƙwabta suka jera injuna suna zuƙa dare da rana, sai ya ga bututunsa na tofar da iska da laka. Dole ya ƙara zurfi, ya ƙara kuɗin mai.

Me hukumomi suka yi?

Da rigimar tsibirin Lete tsakanin Nijar da Benin ta ƙi ƙarewa, Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2005 cewa na Nijar ne. Tsibiri ana ganinsa, ana auna shi, amma ruwan ƙasa ba ya shatuwa, sai dai a zauna a yi shawara. Shi ya sa Mali da Nijar da Najeriya suka amince a Bamako a 2009 su kafa tsarin tuntuɓar juna. A 2014 aka faɗaɗa shirin a Abuja ya haɗa ƙasashe bakwai, har da Benin. Sai dai takarda ba ta auna rijiya. Ko da saɓanin siyasa ya rufe gada, kamar yadda aka gani tun 2023, wajibi ne ma'aikatan ruwa su ci gaba da musayar awo.

Mene ne namu a ciki?

Na farko, a nemi izini kafin a haƙa rijiyar burtsatse. Na biyu, inda ruwa ke ɓulɓulowa da kansa, a sa masa famfo, kada a bar shi yana malala. Na uku, a nisanta masai da kwalaben maganin feshi daga bakin rijiya. Na huɗu, idan ma'aikaci ya zo awo, a ba shi hanya, a faɗa masa gaskiya. Da wannan awon ne wakilanmu za su kare rabonmu ranar zama da maƙwabta.