Amsar Tambaya: Saurin Yatsu Ko Tsara Waƙa?

Tambaya: Malam, ni da abokina mun yi ta musu kan kiɗan pawa metal. Shi ya ce gwanintar mai jita ce ke ɗaukaka ƙungiya, ni kuma na ce iya tsara waƙa. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ƙanena, abokinka bai yi ƙarya ba. Wannan kiɗa na son gudu, mai ganga yana taka ƙafa biyu ba numfashi, mawaƙi kuma yana ɗaga murya har ƙololuwa. Wanda hannunsa bai faɗa ba, ba ya ma shiga fagen.

Amma dubi ƙungiyar Helloween ta Hamburg a Jamus. Faifansu Keeper of the Seven Keys, kashi na ɗaya a 1987, na biyu a 1988, har yau ana jin sa, domin 'yan ƙungiyar, Kai Hansen da Michael Weikath, sun iya ƙera amshin da dubban 'yan kallo za su rera tare. Sabaton ta Suwidin kuwa, ba da saurin jita ta yi suna ba, da waƙoƙin tarihin yaƙe-yaƙe ne.

Na san abokinka zai kawo maka DragonForce ta Landan, inda yatsun Herman Li ke gudu har ido ba ya bin su. To, ka tambaye shi: bayan an kashe faifan, solon jitar yake rerawa ko amshin?

Kai ke da rinjaye. Sai dai kada ka raina masu atisaye, domin waƙa mai kyau a hannun raggo lalacewa take yi.