Kafin Ka Sauya Tayoyin Jif Ɗinka

Ɗana,

Na ji kana shirin sauya wa motar gidanka tayoyi, har an nuna maka na gwanjo masu kyan zane a kusan rabin kuɗin sababbi. Ba ni aron hankalinka kaɗan kafin ka kai hannu aljihu. Motar nan ba kai kaɗai take ɗauka ba. Akwai maiɗakinka, akwai jikokina, ranar tafiya gida kuma har da Hajiya da buhunan tsaraba a baya.

Ido kaɗai ba ya gane lafiyar taya. Roba tana tsufa ko ana hawanta ko tana jingine a shago. Rana da zafi suna busar da ita, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa, riƙon da ta yi wa wayoyin ƙarfen da ke cikinta ya yi rauni. Duk wannan yana faruwa alhali zanenta yana nan daram, balle a ce an wanke ta an shafa mata baƙin mai tana ƙyalli. Saboda haka ka koyi karanta rubutun da ke jikinta.

Ka durƙusa ka duba gefenta. Za ka ga haruffan DOT, sai wasu haruffa da lambobi, a ƙarshensu kuma lambobi huɗu, galibi a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1523, an ƙera ta a mako na 15 na shekarar 2023. Wasu a gefe ɗaya kawai ake buga musu, sai ka sa a juya maka ita. In ka tarar an kankare wurin ko an sake zana shi, ka yi wa mai shagon sallama cikin mutunci ka ƙara gaba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa shekara 4 ne wa'adin taya. Kamfanin Michelin kuwa cewa ya yi in ta kai shekara 5 a riƙa kai ta wurin masani duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. A ganina, wanda ke tuƙi a kwaltar Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, gara ya karkata ga gajeren wa'adin. Sabuwa ma ka duba ta, don akwai wadda ta shekara uku a sito kafin ta zo hannunka.

Ba na ganin laifin mai neman sauƙi. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, farashinta kuma yana bin dala. Amma ka sani tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da gwamnatin Najeriya ta haramta shigo da su, kuma da dalili. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an taɓa tafiya a kanta babu iska har cikinta ya ƙone ba. Wasu ma tayoyin hunturun Turai ne. Za ka gane su da hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki. Robarsu mai laushi ce, an yi ta don sanyin da bai kai digiri 7 ba, in ta hau kwaltarmu sai ta cinye da wuri, birki ma ba ya kama ta yadda ya kamata. Araha ba ta ado. Sabuwar taya ta matsakaicin kamfani ta fi mini tsohuwa mai babban suna.

In kuɗin huɗu ya gagara, sayi biyu sababbi iri ɗaya ka sa su a baya. Mutane da yawa gaba suke sa su, wai don nan sitiyari yake. To in gaba ta zame kana iya ji a hannunka ka gyara, amma in baya ta kufce a kan ruwan damina, motar juyawa take yi kafin ka ankara. Sai dai in motarka irin wadda ƙafafunta huɗu ke ja a kullum ce, wannan ba ta son bambanci mai yawa tsakanin tayoyinta, yana cin na'urar da ke raba musu ƙarfi. Ita kam ka daure ka tara kuɗin huɗun.

Batun girma kuwa masu ƙera motar sun riga sun yanke maka hukunci. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda manne. Za ka ga rubutu kamar 265/65 R17, irin na Prado da yawa: faɗin tayar milimita 265, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wilinta inci 17. A jikin tayar kuma, bayan waɗannan, akwai lamba da harafi, misali 112S. Lambar nan nauyi take nufi, 112 kilo 1,120 ne a kan taya ɗaya, S kuma iyakar gudunta kilomita 180 a awa. Kada ka yarda a saka maka wadda lambar nauyinta ta gaza ta asali, ko da girmansu ɗaya, domin jif mota ce mai nauyi, mu kuma ba mu tafiya gida hannu rabbana. Inda aka rubuta ƙarfin jure zafi da A ko B ko C, ka nemi A. Manyan wili masu siririyar taya da samari ke yayi, bar musu. Ramin farko zai lanƙwasa maka wili. Tayar laka mai manyan haƙora ma, in ba gona kake shiga kullum ba, ƙara kawai za ta cika maka kunne ta sha maka mai.

Yanzu na zo kan iska, kuma a nan nake so ka fi natsuwa, don yawancin tayar da ta fashe a hanya rashin kula da iskarta ne ya fara kashe ta. A waccan takardar ta ƙofa an rubuta yawan iskar da motarka take so, galibi tsakanin 29 da 36 a geji. Lambar da ke jikin tayar kanta iyaka ce, ba ita ake bi ba. Masu faci da yawa hannunsu ya saba da motocin lodi, in ka yi shiru sai su ɗura maka 45 ko 50, wani ma ya buga ta da ƙarfe ya ce ta yi. Kada ka raina shi, sana'arsa ce, amma ka faɗa masa lambar da kake so, ka tsaya ka gani. Ka sayi ɗan geji naka ka ajiye a mota. Iska in ta yi yawa, tsakiyar tayar ke cinyewa, riƙon hanya ya ragu. In ta yi kaɗan, nan ne babban haɗarin: gefen tayar yana ta lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, zafi ya taru a ciki har zanen ya rabu da jikinta. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi kimanin miliyan 6 da rabi a Amurka, bayan jif-jif ƙirar Ford Explorer sun yi ta kifewa saboda zanen tayoyinsu yana ɓallewa, mafi yawa a jihohi masu zafi. Wannan ne ya jawo dokar da ta tilasta sa fitilar gargaɗin iska a motocin Amurka, wadda kake gani a motocin da ke zuwa mana daga can. In ta kama, kada ka bari a ce maka ai haka take yi.

Ka auna da safe kafin motar ta yi tafiya, aƙalla sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar hanya. In ka tsaya a Zariya ko Kafanchan ka ga gejin ya hau, zafi ne, kada ka rage. In ka rage, da ta huce za ta koma ƙasa da yadda ake so.

Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 ka sa a sauya musu wuri, na gaba su koma baya. In ka ga gefe ɗaya na suɗewa ko motar na ja maka hannu, alaimen take so. In sitiyari na rawa a kan gudu, balansin ne. A cikin kwarin zanen akwai 'yan tudu da aka yi a milimita 1.6. Ranar da zanen ya yi daidai da su tayar ta gama aiki, ni kuwa ba zan jira wannan ranar ba in damina ta kusa. Ƙusa in ta shiga ta saman zane, ramin bai wuce milimita 6 ba, a cire tayar a yi mata faci ta ciki. Gefe ba a yi masa faci. In kuma gefen ya kumbura, zarurrukan ciki sun tsinke, cire ta a ranar. Safaya ma ka tuna da ita, tana can ƙarƙashin mota ko a ƙofar baya rana na dukanta shekara da shekaru. Ka auna iskarta, ka duba shekarunta, ka tabbata jak da sifanar wili suna nan.

Allah Ya kiyaye, in taya ta fashe kana kan gudu, ƙafarka za ta so taka birki. Ka hana ta. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ka miƙe motar, ka sassauta totur a hankali, sai gudun ya mutu sannan ka taɓa birki ka gangara gefe. Jif doguwa ce, nauyinta yana sama, ta fi ƙaramar mota saurin wuntsilawa. Ka tuna James Ocholi, ƙaramin ministan ƙwadago, da ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris, 2016, bayan tayar baya ta jif ɗinsu ta fashe. Binciken hukumar kiyaye haɗurra ya nuna an taka birki da ƙarfi, na kujerar baya kuma ba su ɗaura bel ba. Don Allah ka saba wa yaran nan da ɗaura shi tun suna ƙanana, kuma tunda maiɗakinka ita ke kai su makaranta da motar, ka zaunar da ita ka koya mata wannan, ka nuna mata yadda ake auna iska da hannunta.

Ka gaishe mini da mutanen gidan.

Baffanka.